Waƙar Inna a Cikin Kwamfuta

Ka ce ka gwada duk dabararka abin ya ƙi, saboda haka ka yanke cewa babu shi. To, gyara zama ka ji misalin wani mai ɗaukar hoto.

Mutumin nan yana da iyaye tsofaffi masu son barkwanci, kuma akwai wata gardama da ta tsufa tare da su. Uban tsohon direban babbar mota ne. Kullum yana cewa a zamanin amarcinsu, da wata tafiya ta riƙe shi a Kurmi, matarsa ta aika masa kaset ta hannun wani direba, ta gaishe shi, ta ba shi labarin gida, a ƙarshe kuma ta rera masa waƙa. Ita kuwa tsohuwar, da an tayar da zancen sai ta taɓe baki ta ce, "Ni? Waƙa? Malam, tsufa dai ya fara taɓa ka." Gida ya ɗauki dariya, tsoho ya yi ta rantsuwa ba mai gaskata shi. Ana nan, ran da aka fitar da kaya za a gyara rufin ɗaki, sai ga kaset ɗin a ƙasan akwati, naɗe cikin tsohuwar hula. Rikodar gidan tana juyawa, amma lasifikarta ta daɗe da mutuwa. Ɗan ya ce ai wannan ƙaramin aiki ne. Ya ɗauko waya, ya soka baki ɗaya a kafar rikoda inda sauti ke fita, ɗaya bakin kuma a shuɗiyar kafar da ke bayan kwamfutarsa inda sauti ke shiga. Ya ɗora hedifon ɗinsa marar waya a kunne, wanda yake jin labarai da shi idan yana gyaran hotuna, ya danna rikoda. Kaset na juyawa, kunne shiru. Ya canza waya, shiru. Ya cika hedifon da caji, shiru. Ya kunna wani karatu da ke cikin kwamfutar, ya ji shi tar kamar mai karatun na gefensa, sai ya tabbata laifin na kaset ne. Uwar ta leƙo tana murmushi ta ce ai ta gaya musu babu komai a ciki. Tsohon ya koma gindin darbejiya ya zauna, ya daina tayar da zancen gaba ɗaya. Wannan shirun shi ya fi damun ɗan. Ya ɗauko sukundireba da auduga da kananzir, da nufin ya kwance kaset ɗin ya goge zaren, aikin da in ya yi shi, muryar ta tafi ke nan har abada.

Ya kai hannu ke nan sai ga amininsa, mai haɗa kayan sauti a wuraren biki, ya zo karɓar hotuna. Ya riƙe masa hannu, ya ce a mayar da kaset a kunna. Ya buɗe saitin sauti, ya nuna masa wani ɗan koren layi yana tsalle, yana hawa yana sauka. Ya ce, "Abokina, ai muryar ta shigo tuntuni. Baƙo ne ya yi sallama yana zaure, kai kuwa ba ka ce masa ya ƙaraso ba." Ashe ita kwamfuta tana karɓar abin da ya shigo ta wannan kafa, amma ba ta miƙa shi zuwa kunne sai an umurce ta. Akwai wani ɗan akwati da ake sa wa alama, mai cewa a saurari wannan kafar, a ƙasansa kuma a zaɓi inda sautin zai fita. Ya sa alamar, ya zaɓi hedifon. Nan take mai hoto ya ji shuuu, ya ji carar zakara, ya ji lugude daga nesa, sannan ga muryar wata yarinya tana gyaran murya cikin kunya. Ya fita tsakar gida ko takalmi babu, ya ɗora wa uban hedifon a kunne. Bakin tsoho ya soma buɗewa, har wawulonsa ya bayyana. Ya miƙe ya manta da sandarsa, da yake ba wayar da ta ɗaure shi, ya nufi inda tsohuwar ke tankaɗe, ya kifa mata hedifon a kan ɗankwali. Rariya ta tsaya cak a hannunta. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Kai, wannan yarinya ba ta da kunya!" Amma ba ta cire ba. Daga ƙarƙashin mayafin ana jin ta tana bin waƙar a hankali, ba ta ɓata ko kalma ɗaya ba, tsoho kuwa na tsaye a kanta yana tafi, yana kiran maƙwabta su zo su shaida.

Ka ga, waya lafiya, hedifon lafiya, kaset lafiya, murya kuma tana cikin ɗakin tun danna rikoda na farko, amma saura ƙiris mutum ya hallaka abin da yake nema da hannunsa. Gaskiyar Bahaushe da ya ce, rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.