Mai Riƙon Jakunkuna

Tun safe Tela ke fama da jakunkunan iyalin maƙwabcinsa. Saboda Auta, 'yar maƙwabcin, ya roƙa a zo da shi yawon tsohon gari, ga shi Autar ko kallonsa ba ta yi ba. Saurayin da ke zagayawa da baƙi ya cika mata kunne da tarihin ganuwa, ya biyo su har wurin wasanni, ya hau lilon sama a kujerar kusa da tata. Tela na ƙasa yana ƙirga dariyarta. Sau bakwai.

Da ta sauko ya miƙa mata jakarta, fuska a murtuke.

"Rigar nan tasa ma hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo."

"Kai, Tela! Abin da kake aunawa ke nan tun ɗazu?"

"Na ga dai tarihi ya yi miki daɗi."

"Shi ai yana da baki. Wani kuwa shekara biyu yana kawo min ɗinki har gida, bai taɓa cewa komai ba sai 'ya yi daidai?'"

Tela ya buɗe baki, sai Baba, mahaifin Auta, ya kira a zo hoto. Kowa ya san dokarsa: bare ba ya shiga hoton iyali. Tela ya ɗaga waya zai ɗauke su kamar kullum. Auta ta karɓe, ta miƙa wa mai tarihin.

"Malam, ɗauke mu." Sannan ta dubi mahaifinta, ta sunkuyar da kai.

Baba ya ƙare wa Tela kallo, ya ɗan matsa gefe.

"To ajiye jakunkunan mana. Haka za ka fito, kamar ɗan dako?"