Ranar da Kaka Ta Goge Sulalla

Ku yi haƙuri da ƙarfin halina, ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya.

Dillalin da aka kira ya buɗe akwatin marigayi kakana, sai ya dafe kai. Kakana ya yi suna wajen tara tsofaffin sulalla, har daga nesa ake zuwa kallo. Ranar 'ya'yansa sun taru a falo za su sayar.

"Wa ya goge su?" in ji dillalin.

"Ni ce," in ji kakata. "Na ga sun yi baƙi, na sa musu toka da lemun tsami. Ba su yi kyau ba?"

Dillalin ya ce, "Mama, ai baƙin nan ake saye! Yanzu sai dai a kai wa maƙeri."

Baffa ya miƙe yana huci. "Inna, kin kashe mu, kin binne sunan Baba!"

Ta sunkuyar da kai, ta shige ɗaki. Na bi ta in rarrashe ta, na tarar idonta a bushe.

"Kaka, ai ba ki sani ba ne."

"Ni da na tsufa a gidansa? Lokacin da autata take kwance a asibiti, na durƙusa na roƙe shi ya sayar da ɗaya tak a yi mata aiki. Ya ce jerinsa zai yi giɓi. Ita ba ta dawo gida ba."

A falo Baffa na ta ba dillali labarin kirkin babansu. Na ɗauki takalmana a hannu, na sulale ta ƙofar baya.