Kujerar Hagu

"Har yau ba ta zo ba?" Malam ya tambayi ƙanwarsa, idonsa na kan ƙofa.

Matarsa kuwa tana zaune a hagun gadon asibitin, hannunsa cikin nata. Kwana tara ke nan da ya yanke jiki ya faɗi, kwana tara tana kan kujerar nan. Ta ce, "Ga ni, Malam." Ya waiga dama yana neman muryar, bai gan ta ba, ya ja tsaki.

Zama ya gagare ta. Shekara talatin da aure, yau ita ce ba a gani? Ta tare likita a baranda. "Likita, fushi yake da ni, ko manta ni ya yi?"

"Ko ɗaya, Hajiya. Jijiyar da ta toshe ita ke kai jini ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, shi kuwa ke lura da duk abin da ke hagu. Ba ki ga rabin abincinsa yake ci ba?"

Ta gani mana. Kullum ita ke juya masa farantin, ya cinye ragowar yana murna an ƙaro masa.

Ta koma da sauri, ta ja kujerar ƙiii, ta zagaya gadon zuwa damansa. Taku huɗu ne kacal.

Idonsa ya sauka a kanta, ya ciko da hawaye. "Haba, uwar yara. Sai yau?"

Ta gyara masa matashi. "Yi haƙuri, Malam. Hanyar ce da nisa."