Sunayen Shanun da Ke Cikin Waƙar

Ban tabbatar da shekarar ba, kuma shaidata tunanina ne kawai. Ina aji biyar a Kebbe, mahaifina, da muke kira Baffa, ya zo cire ni daga makaranta, mu bi shanu kudu.

Malamin ajinmu ya buɗe wani littafi, ya fassara masa waƙar wani mawaƙin Ostireliya na zamanin mulkin mallaka: fari ya cinye garken makiyayi, ɗansa mai karatu ya rubuta sunayen shanun don kada a manta.

"Sunayensu duka?" in ji Baffa.

"Duka kuwa."

Baffa ya daɗe yana kallona, sannan ya tafi shi kaɗai.

Bayan jami'a na bincike ayyukan mawaƙin kaf, ban ga waƙar ba. Malam ya rasu. Karanta ta ya yi, ko ƙirƙira ta ya yi domina?