Saƙo Zuwa Stockholm

Tankari ya zaɓi teburin da ke kallon matakala, kamar yadda ya saba tun ranar da aka kama Sabiru. Daga nan yana ganin duk mai hawowa gidan abincin. Ta taga kuma yana hango titin Huanshi Lu na birnin Guangzhou, inda hadari ya haɗo tun bayan azahar ya ƙi zubarwa.

A fili sana'arsa ba ta da aibu. Ɗan kasuwar da ya gama lodin kwantena, ya samu biza, ya ce bari shi ma ya je ya ga ƙasashen ƙanƙara, wurin Tankari ake kai shi. Shi zai faɗa masa otal, shi zai faɗa masa jirgin ruwa. A ƙarshe sai ya miƙo 'yar jaka, ya ce saƙon wani abokinsa ne. Bahaushe kuwa ba ya ƙin saƙo, kuma ba ya buɗe shi.

Haka Sabiru ya karɓa, wani saurayi ɗan Kano mai saro takalma a kasuwar Zhanxi Lu. Karnukan 'yan sanda suka tare shi yana saukowa daga jirgin ruwa a Stockholm, aka samu ƙwaya a jakar. Yanzu yana kurkuku, labari kuma ya karaɗe unguwar Xiaobei cewa danginsa sun sauka Guangzhou suna neman wanda ya ba shi jakar. Tankari ya sauya lamba, ya sauya masauki, ya aske gemu, dama sunan da Sabiru ya san shi da shi ba nasa ba ne. Amma masu jakunkunan ba sa jin uzuri. Sun ce ko su ga wani a hanya cikin makon nan, ko su zo da kansu. Gaba kura, baya sayaki. Tsoro ya hana shi ko cin abincin kirki.

Sai ga wadda aka haɗa shi da ita ta waya tana hawowa tana haki. Hajiya Rekiya ce, dattijuwa mai saro abaya a kasuwar Shahe. Ta zauna, suka gaisa har da tambayar gajiya. Ta ce 'yarta Asma'u ce ta dame ta wai ta je ta huta, autanta Umar Faruƙ kuma ya ce sai ta ɗauko masa hoton teku.

Tankari ba yaro ba ne. Kafin ya buɗe baki sai ya gwada ruwa.

"Hajiya, kin ji labarin Sabiru kuwa? Ɗan garinku ne."

Ya kafe ta da ido. Ta kau da kai wajen taga, ta gyara mayafi.

"Na ji ana maganar wani yaro. Allah Ya kyauta."

"Sabiru," ya sake faɗa, yana jan sunan.

"Shi wancan ɗin," ta ce, "ba a sa ni a maganarsa."

Ba hawaye, ba rawar murya, ko sunan ba ta kula ta maimaita ba. Ya ayyana a ransa cewa jini ba ya ɓuya, da danginsa ce da bakinta ya suɓuce. Nan take hankalinsa ya kwanta, ya ɗaga wa mai gidan abincin hannu: "Laoban, shayi biyu!"

Daga nan baki ya buɗe, ya shiga tsara mata yadda za ta yi. Ta sauka Helsinki tukuna, ta kama otal kusa da tashar jirgin ruwa don kada tasi ta cinye ta. Ta tafi da 'yar butarta, domin bayinsu ba a ajiye ruwa. Da safe ta tsaya a kan kifi da ƙwai da burodi, kada ta taɓa jan naman nan da ake jerawa. Da bazara rana ba ta son faɗuwa a can, ta bi agogo wajen salla, kada ta bi sama. Jirgin Stockholm da yamma yake tashi, a cikinsa ake kwana, ta ga ta huta da biyan otal. Ta karɓi ɗakin ciki marar taga. In an isa kada ta yi gaggawa, ta saje da tsakiyar jama'a.

Tana ta gyaɗa kai. Shayinta ya huce ba ta taɓa ba. A teburin baya ma wasu Sinawa biyu sun bar taliyarsu tana sanyi, amma Tankari ya yi nisa, yana jin daɗin muryarsa.

Aka yi tsawa, ruwa ya ɓarke. Ya sunkuya ya jawo jakar daga ƙarƙashin tebur.

"Ɗan saƙo ne, Hajiya, samfurin takalma. Wani zai tare ki a bakin tasha."

Ba ta miƙa hannu ba. Ta dubi jakar, ta daɗe tana dubanta, sannan ta ɗago ta dube shi a karo na farko.

"Kai ne ke ba ni, da hannunka?"

"Ni ne mana."

Kujerun baya suka motsa. Kafin ya juya an riƙe masa kafaɗu, ɗaya daga cikin Sinawan ya nuna masa katin aikin 'yan sanda, ɗayan ya ɗauke jakar. A bakin matakala Alhaji Abdulmumini ne tsaye, dattijon da 'yan kasuwar Arewa ke kai wa ƙara, ya tare hanya.

Tankari ya juya ga matar. Baƙin ciki ya cika shi.

"Me na yi miki? Mene ne haɗinki da shi? Ko sunansa ba ki iya faɗa ba!"

Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Alhaji Abdulmumini ne ya amsa, a hankali.

"Kai ma kamar ba Bahaushe ba. Yaushe ka taɓa jin uwa ta kama sunan ɗanta na fari?"