Hular Iyo Uku, Babu Keke

Ina cire riga a bakin tafkin, tumbi a gaba, sai ga Yaya da Auta, kowa da hular iyo.

Gasar taimakon asibitin da ya yi jinyar Mama ce: ɗaya iyo, ɗaya keke, ɗaya gudu. Dukanmu tsoron ruwa muke, shi ya sa na koyi iyo a ɓoye don in ɗauke musu. Ruwan da na sha ya isa wanki.

Na ce, "Yaya, ina keken?"

"Ba kai za ka hau ba?"

Ashe kowa kara ya yi.

Auta ta faɗa ruwa, Yaya ya ari keke. Ni na yi gudun, ba takalmi, Mama tana tafi tana rantsuwa ba ta san ni ba.