Ragon Kirsimeti

"Kai ka yanka?" Matarsa ta dafe ƙirji, ludayi na hannunta.

Ya dubi wuƙar, ya dubi ragon. Duk shekara malamin da ke maƙwabtaka da su a Gumel ne yake yanka musu dabbar Kirsimeti, don unguwa ta ci hankali kwance. Yau kuwa igiya ta shaƙe ragon, gogan naka ya zari wuƙa kamar jikan mahauta.

"To, ai ba wanda ya gani," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Baban yara, ranar haihuwar Almasihu za ka zuba wa maƙwabta ƙarya a kwano?"

Ya ajiye wuƙar. Jiya-jiyan nan ya tsaya a coci yana kaɗa yatsa, wai Kirsimeti ba nama ba ne, zuciya ce. Har tafi aka yi masa. Ashe da shi Ubangiji zai fara gwaji.

Haka ya bi gida-gida da shinkafa da cincin, ba ko ƙashi, yana bayani yana gumi. Malam ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Dattijo, baɗi ka bar mana wuƙar."

Ya dawo yana lallashin kansa, ai bana zai ci nama ya ƙoshi. Ya kai tsoka baki ke nan aka yi sallama. Wani baƙo ne a kan babur, da ramammen rago ɗaure a baya.

"Daga Maigatari nake. An yi mana musanya wajen lodi a kasuwa. Ga naka. Ina ragon sunan ɗana?"